Shin Motar da Aka Durƙusar Tana Buƙatar Ƙarfen Tokari?

Gabatarwa

A hutun da ya gabata na je gida Suleja, na tarar da wata muhawara ta kaure a ƙofar gidanmu da ke unguwar Wambai. Ƙanena, wanda kullum yake sammako zuwa wurin aikinsa a Abuja, ya sayi tsohuwar mota ƙirar Golf 3 da kuɗin da ya shekara biyu yana tarawa. Bai yi wata guda da ita ba abokansa suka zuga shi ya kai ta wani gareji aka rage mata tsayi, har cikinta ya kusa shafar ƙasa. Bayan an gama wannan kuma sai aka ce masa saura abu ɗaya: dole ya sayi wani ƙarfe da ake gicciyawa a saman inji, in ba haka ba wai bodin motar zai tsage. Da ya ga aljihu ya yi sanyi sai ya same ni ya ce, "Yaya, ka ranta mini, kada motar nan ta lalace a hannuna."

Kafin in ba shi amsa na ɗauki kwanaki ina karance-karance, ina kuma zama a gareji wurin wani dattijon makanike da ya san mahaifinmu. Wannan maƙala ta ƙunshi abin da na fahimta. Za ta yi bayanin mene ne wannan ƙarfe, wane aiki yake yi, me ke faruwa ga mota idan an rage mata tsayi, sannan ta amsa tambayar da ke kan take.

Sunan Abin

Da yake mu ɗaliban harshe ne, ya kyautu mu fara da suna. Masu sayar da kayan mota suna kiran wannan ƙarfe "sitirot ba" ko "sitirot bires". Mai karatu zai lura da yadda Bahaushe ya saƙala wasali don ya raba cunkoson baƙaƙen da ke farkon kalmar, kamar dai yadda ya yi wa "sitiyari" da "sifirin" da "birki". To amma wannan kalma ba ta zauna a bakin jama'a ba kamar yadda waɗancan suka zauna, don haka a nan na zaɓi in kira shi "ƙarfen tokari", domin aikinsa ya yi kama da na itacen da ake tokare katanga da shi kada ta karkace. Rage wa mota tsayi kuma na kira shi "durƙusarwa", bisa kamanci da raƙumin da aka durƙusar. Duk inda waɗannan kalmomi biyu suka fito a gaba, wannan nake nufi.

Yadda Ƙafar Mota Take

Ba za a fahimci tokari ba sai an san abin da yake tokarewa. Motocin da, da manyan motoci irin su tirela har yau, suna da ƙashin baya na ƙarfe mai kama da tsani, a kansa ake ɗora bodi. Ƙananan motoci na zamani kuwa ba su da wannan tsani. Bodin kansa shi ne ƙashin, an haɗa shi ne da faifan ƙarfe da aka lanƙwasa aka yi wa walda. Motar Lancia Lambda ta ƙasar Italiya, wadda ta fito a 1922, tana cikin na farko-farko da aka ƙera ta wannan hanya, sannan Citroën ta Faransa ta yaɗa tsarin daga 1934.

A yawancin irin waɗannan motoci, kowace tayar gaba tana rataye ne da wata doguwar ƙafa wadda ta haɗa shokazoba da sifirin wuri guda. Ƙasan ƙafar yana riƙe da mazaunin taya, samanta kuma an ɗaure shi da notuna a jikin bodi. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Earle MacPherson ne ya tsara wannan ƙafa a shekarun 1940, kuma motocin Ford Consul da Zephyr da aka nuna a Ingila a 1950 suna cikin na farko da suka fito da ita. Har yau da sunansa ake kiranta. Ita ce a gaban Golf da Corolla da Camry, ita ce kuma a gaban Peugeot 504 da iyayenmu suka sani.

Idan mai karatu ya buɗe bonet ɗin ɗaya daga cikin waɗannan motoci ya dubi dama da hagu, kusa da gilashin gaba, zai ga wasu tudda biyu masu kama da kifaffiyar ƙwarya. Su ne mazaunin shokazoba. Duk ramin da taya ta faɗa, da duk tudun da ta hau, bugun yana bin ƙafar ya ƙare a kan wannan ƙwarya. Haka kuma idan mota ta sha kwana, wani kaso na ƙarfin da ke tura taya gefe yana isa can.

Aikin Ƙarfen Tokari

A ɗauki kwalin taliya wanda aka yanke murfinsa, a matsa gefensa da hannu. Nan take zai karkace, domin samansa a buɗe yake. Idan aka gicciya kara daga wannan gefe zuwa wancan aka ɗaure, sai a ga ya daina karkacewa da sauƙi. Ɗakin injin mota kamar wannan kwali yake: akwai ƙarfe a ƙasa, akwai a baya, amma sama a buɗe take don a sami wurin sa inji, bonet kuwa murfi ne kawai, ba ya riƙe komai. Saboda haka idan mota ta shiga kwana da gudu, mazaunin shokazoba yakan ɗan motsa gefe. Motsi ne ƙanƙane wanda ido ba ya gani, amma da yake saman ƙafar a nan yake ɗaure, duk motsin da ya yi yana ɗan sauya yadda taya ke zaune a kan kwalta.

Ƙarfen tokari sanda ce ta ƙarfe ko ta alminiyam da ake ɗaurawa daga wannan mazauni zuwa wancan. Idan ɗaya ya so motsawa sai ya tarar yana jan ɗan'uwansa, nauyin ya rabu biyu. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya ɗaga mota, ba ya sauke ta, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, ba ya kuma hana mota rinjaya gefe a kwana. Wannan aiki na ƙarshe na wani ƙarfe ne daban da ke ƙarƙashin mota, wanda makanikai ke kira sitabilaiza, kuma na ga mutane da yawa suna rikita su biyun. Abin da direba zai iya ji bayan an sa tokari shi ne sitiyari ya ɗan ƙara saurin amsawa a kwana mai tsanani. Shi ya sa ake ganinsa a motocin tsere, wasu motocin gudu ma, irin su Nissan 350Z, da shi suke fitowa daga kamfani.

Akwai kuma motocin da ƙafarsu ta gaba ba ta MacPherson ba ce. Honda Accord, tun daga wadda ake yi wa laƙabi da "Hala" har zuwa ƙirar 2012, hannaye biyu ne ke riƙe da kowace tayarta ta gaba, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sai a ƙirar 2013 kamfanin ya koma tsarin MacPherson. A tsarin hannu biyu, ba shokazoba ce ke saita tsayuwar taya ba, don haka kafin mutum ya sayi tokari ya kamata ya fara sanin wace irin ƙafa motarsa take da ita.

Daga Ina Durƙusar da Mota ya Samo Asali?

Al'adar tana da tushe biyu. Na farko filin tsere. Duk abin da nauyinsa ya yi sama ya fi saurin rinjaya, kamar yadda muke gani a motar da aka yi wa lodin buhuna ya wuce kanta. Idan aka sauke mota ƙasa, cibiyar nauyinta ta sauka, sai ta fi zama daram a kwana. To amma a duba lissafin. Cibiyar nauyin ƙaramar mota tana kusan santimita 55 daga ƙasa. Idan aka sauke ta da santimita 3, abin da aka rage na nauyin da ke komawa gefe guda a kwana bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 ba. Ga ɗan tsere wannan riba ce, ga mai zuwa aiki kuwa da wuya ya ji bambanci.

Tushe na biyu ado ne. Tun a shekarun 1940 matasa 'yan asalin Meziko da ke birnin Los Angeles na Amurka suka riƙa sauke motocinsu suna yawo da su a hankali don burgewa. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1958 wadda ta hana tuƙa motar da wani sashe nata ya sauka ƙasa da gindin wili, kuma ba a soke wannan hani ba sai a farkon 2024. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya kai wannan ado gidajen kallo na duniya, har da namu. Daga nan ne samarinmu suka gani suka yi sha'awa.

Mu kuwa tarihinmu da mota akasin haka yake. Abin da ya sa Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ta yi suna a Afirka shi ne tsayinta daga ƙasa da doguwar tafiyar shokazobarta. Ita ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci. Har gobe kuma, idan an kawo motar Beljiyam, abin da direbobin haya da yawa ke fara nema shi ne a ɗaga musu ita, ba a sauke ba. Ba don rashin son ado ba ne, sun san hanyar da za su bi.

Me Ke Sauyawa Idan an Durƙusar da Mota?

Abu na farko, tazarar da shokazoba ke da ita ta nutsewa tana raguwa. A misali, idan tana da santimita 8 kafin ta kai ƙarshe, aka sauke motar da santimita 4, to rabi ya rage. Ramin da a da take shanyewa, yanzu sai ta buga ƙarshe, bugun ya wuce kai tsaye zuwa bodi. Wannan ne kuma yake saurin kashe shokazoba, musamman idan ba a sauya ta da gajera wadda ta dace da sabon sifirin ba.

Na biyu, tsayuwar taya tana sauyawa. Samanta yakan kwanta ciki, bakinta kuma ya kauce daga saiti, sai ka ga taya tana cinyewa ta gefen ciki alhali wajenta sabo ne. Maganin wannan alaimen ne, wato saitin taya, kuma wajibi ne a yi shi duk lokacin da aka taɓa tsayin mota.

Na uku, cikin mota yana kusantar ƙasa. Yawancin ƙananan motoci tazarar cikinsu da ƙasa tana tsakanin santimita 13 zuwa 16 ne, kuma wannan kafin a ɗauki fasinja. Abin da ke can ƙasa kuwa ba ƙaramin abu ba ne: akwai kaskon baƙin mai, akwai salansa, akwai bamba. Idan dutse ko bakin kwalbati ya fasa kaskon, mai ya tsiyaye direba bai lura ba, inji ne zai buga.

Na huɗu, yadda aka yi aikin. Akwai gajerun sifirin da kamfanoni ke yi musamman, waɗanda yawanci ke sauke mota da santimita 3 zuwa 4. Akwai kuma hanyar araha, wato a yanke sifirin da ke jiki ko a gasa shi da wutar walda har ya kwanta. Yankewa tana ƙara masa tauri: idan zagaye shida ne ke aiki aka cire ɗaya, taurinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, kuma bakin da aka yanke ba lalle ya zauna daidai a mazauninsa ba, yana iya zamewa. Gashi kuwa yana kashe ƙarfen ne gaba ɗaya, ya bar shi yana iya karyewa ba sanarwa. Da muka sa jak muka ɗaga motar ƙanena, yankakken sifirin muka tarar.

Yanzu mai karatu ya sake duba waɗannan abubuwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa wanne ne ƙarfen tokari yake gyarawa. Ba ya ƙara tazarar shokazoba. Ba ya saita taya. Ba ya kare kaskon mai. Ba ya mayar da yankakken sifirin sabo. Ashe ke nan ana neman a yi wa mai ciwon ƙafa ɗaurin kai.

Inda Maganar Abokan ke da Ƙamshin Gaskiya

Duk da haka ba zan ce abokan ƙanena sun yi ƙarya ɗungurungum ba. Gaskiya ne cewa sifirin mai tauri da gajerar tazara suna ƙara yawan bugun da mazaunin shokazoba ke sha, kuma gaskiya ne a kan ga wannan mazauni ya kumbura ko ya tsage a motocin da suka daɗe suna faɗawa ramuka. Sai dai a lura da alƙiblar bugun. Bugun rami daga ƙasa yake zuwa sama, tokari kuwa motsin gefe da gefe aka yi shi ya hana. Faifan da ke ƙarshensa, wanda ake ɗaurawa a kan mazaunin, yana iya ɗan baza bugun, amma ainihin maganin shi ne a rage bugun tun daga tushe, wato a mayar wa shokazoba tazararta.

Haka kuma Golf 3 mota ce da aka ƙera tsakanin 1991 da 1997, wato ta kai ko ta kusa shekara talatin. Bodi mai irin wannan shekaru yana iya yin tsatsa, waldarsa tana iya saki, balle idan ya taɓa yin haɗari. Dattijon makaniken nan ya nuna mini yadda ake dubawa: a share mazaunin a duba ko fenti ya ɗaɗɗare ko akwai tsaga kusa da notuna, sannan a ɗaga kusurwa ɗaya da jak a gwada buɗe ƙofofi. Idan ƙofa ta cije, bodin yana murɗewa. Irin wannan mota wurin mai gyaran bodi za a kai ta a yi mata walda mai kyau. Ɗaura tokari a kan ruɓaɓɓen ƙarfe tamkar jingina azara ne a kan katangar da ruwa ya ci gindinta.

Tokari yana da nasa aibu ma. Idan aka bugi mota ta kusurwa ɗaya, yana iya kai bugun ɗaya gefen, gyaran wuri ɗaya ya zama na wuri biyu. Yana tare hanyar hannu idan za a yi aiki a inji. Wanda kuma aka haɗa da siririn bututun ruwa a wurin mai walda, ko mai gaɓoɓi da ke juyawa, lanƙwashewa yake yi tare da bodin, ado ne kawai. Wanda duk ya nace sai ya sa, to ya nemi mai ƙwari wanda aka yi don ƙirar motarsa, a ɗaura shi mota tana tsaye a kan tayoyinta a shimfiɗaɗɗen wuri, ba tare da an tilasta ramukan notuna ba, a kuma tabbatar ba ya gogar bonet. Kada a yarda a like shi da walda a jikin mazaunin.

Hanyar da Motar za ta Bi

Mota ba a sarari take tafiya ba, a kan hanya take. Garinmu shi ne Abuja ta asali, wadda Sarki Abu Ja ya kafa a 1828. Bayan an ɗauki sunan an ba sabon babban birnin tarayya da aka ƙirƙira a 1976, sai garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa masu ɗimbin yawa suke kwana a Suleja su wuni a birnin. Tsofaffin unguwanni irin su Wambai kuwa an shata su ne tun kafin mota ta yawaita, ga lunguna, ga kwatoci, ga tudun ƙofar gida, ga zaizayar damina.

Tafiyar ƙanena ta kullum ke nan: ya fito daga lungu, ya haye kwalbati, ya bi tuddan rage gudu, ya shiga cunkoson Madalla, sannan ya sami titi mai faɗi. A cikin gari dokar hanya ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a awa, a babban titi mai hannu biyu kuma 100. A ina cikin wannan tafiya zai sha irin kwanar da za ta sa mazaunin shokazoba ya motsa har ya ji amfanin tokari? Babu. Amma sau nawa cikin motar zai gogi ƙasa? A makon da na yi ina bin sa, ban ga ranar da bai karkata motar ya haye tudu a gicciye ba, na bayansa suna ta matsa masa oda.

Kammalawa

Amsar tambayar a taƙaice ita ce a'a. Durƙusar da mota ba ya wajabta ƙarfen tokari. Abubuwa biyu ne da aka saba gani tare a motocin tsere da na ado, shi ya sa ake zaton ɗaya ba ya yiwuwa sai da ɗaya. Abin da motar da aka durƙusar take buƙata tilas shi ne sifirin na ƙwarai wanda ba yankakke ba, shokazobar da ta dace da shi, saitin taya, da sake saita fitilun gaba. Bayan waɗannan sai lafiyayyun bushin da birki da tayoyi. Game da taya, akwai lambobi huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021, kuma duba wannan ya fi tokari amfani ga rayuwar direba. Tokari shi ne na ƙarshe a jeri, ga wanda ya gama da sauran kuma yake da rarar kuɗi.

Na ba ƙanena rancen, amma da sharaɗi. Muka koma wurin dattijon nan, aka cire yankakkun sifirin aka sa masu tsayin asali, aka sauya shokazoba ɗaya da ta fara yoyo, aka yi alaimen. Da muna fitowa, ƙanena ya tsaya yana kallon motar ya ce, "Baba, ai yanzu ta koma kamar tasi." Dattijon yana goge hannu da tsumma ya ce masa, "Yaro, je ka gwada ta a kwalbatin ƙofar gidanku, gobe ka zo ka ba ni labari." Da yamma muka shiga Wambai mu huɗu a ciki, ta haye kwalbatin ba ta taɓa ko'ina ba.